Mai Askin da Ya Iya Mugunta

Ni ba na neman magana, ita take zuwa ta same ni, don tagar ɗakina da ƙofar shagon Mai Aski suna kallon juna ne ido da ido. Ɗan ƙanena ne kuma, a bayana ya yi fitsari. In na ce yaron nan ko kiyashi ya gani sai ya tsallake, na san abin da nake faɗa.

Abin ya faro ne daga wani siririn mutum mai gilashi da ya zo aski. An ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ƙura wa ɗan ƙanena ido ta madubi, ya ce shi mai shirya wasan kwaikwayo ne, irin wannan fuskar yake nema. Yaro ya zo yana ba ni labari baki har kunne. Na ce Allah ya sa na ban dariya ne.

Ashe ba na dariya ba ne. A tsohon siton bayan tasha aka yi, ranar Asabar da yamma, layinmu kaf muka ɗunguma. Ba labule, ba kiɗa, ko 'yar budurwa mai rawa babu. Teburi ne da kujera da ƙwan fitila yana reto. Aka ɗaure wani tsoho mai gyaran agogo a kujerar, aka ajiye kofin ruwa a gabansa. Sai ga namu da farar riga. Bai dake shi ba, bai zage shi ba. Tsoho na miƙa wuya zai kai baki ga kofi, sai ya ja kofin baya da ɗan yatsa, ya gyara masa wuyan riga, ya yi murmushi ya ce, "Sannu Baba, kada ka motsa, yanzu za mu gama."

Wallahi wasan ke nan. Haka aka yi ta yi har ƙafata ta yi tsami a kan benci. Ana tsakiya Tsohon Direba, maƙwabcinmu mai faɗa, ya miƙe ya daka tsawa, "Kai, ba shi ruwan mana, ɗan banza!" Ya fice, rabin mutane suka bi shi. Wata a gefena tana kuka har da majina, samarin baya suna ƙyalƙyala dariya. Da aka kashe fitila Dogon Tela ya miƙe yana tafi shi kaɗai kamar mai korar kaji.

Wautar da ɗan ƙanena ya yi ita ce bai aro murmushin ba. Nasa ne na shago, maganar ma ita yake gaya wa kowa in ya ɗora aska. Ran Litinin wani bakanike ya zauna, aka shafa masa kumfa, aska ta doshi maƙogwaro, baki kuma ya faɗi abin da ya saba. Da idona na ga bakanike ya yi tsalle ya faɗo titi da kumfa da ƙyalle, takalmi ɗaya a hannu.

Daga ranar kujera ta fara tara ƙura, layi ya dare gida biyu. 'Yan bencin mai faci suna bayan Direba, 'yan ƙofar Tela suna bayan Tela, ni kuwa kullum ina da abin da zan saya a tsakani.

"Abin da ba ya cikin tulu ba ya fitowa ta baki," in ji Direba. "Shekara nawa ina miƙa masa wuyana, ashe Allah ne yake tsare ni."

"Baba Direba, ba ka fahimci wasan ba ne," Tela ya amsa daga tsallake, tef a wuya. "Kofin nan duniya ce. Tsohon nan ni da kai ne."

"Kai ne dai. Ni da na ciji yatsansa."

Matar Mai Aski, Uwar 'Yan Biyu, ba ta je ba ranar farko, yara ba lafiya. Ta shigo shago da goyo, ni kuma na biyo ta don kada a yi faɗa ba shaida.

"Baban yara, ka je ka ce wa mai gilashin nan ka fasa. Tafi ba ya cika tukunya."

Yana wasa askarsa a jikin fata bai ɗago ba. "In na fasa yanzu na yarda da maganarsu ke nan. Asabar zan hau, ta gaba ma zan hau, kuma kullum zan buɗe shagon nan ko ƙuda ne kaɗai zai shigo."

Na ce, "Kai yaro, tsakaninka da Allah, ina ka koyo abin nan?"

"A madubi, Gwaggo. Ina tsaye a bayan masu zuwa aski ina gani in yaron shagonsu ko ɗan'uwa ya biyo su da buƙata. Ba mai yin tsawa. Da fara'a suke cewa dawo gobe. Amma ki bar maganar a cikinki."

Na bar ta a cikina, mata biyu kawai na gaya wa. Kafin rana ta faɗi kowane magidanci a layi ya tabbata da shi ake, har waɗanda da suke gaishe shi suka daina.

Bai fasa ba. Da safe zai share shago, ya wanke reza, ya jera almakashi da mataji, ya zauna yana kallon titi. Asabar ta zo ya hau, Uwar 'Yan Biyu ta bar mini yara ta je ta gane wa idonta. Da ta dawo na tare ta a ƙofa.

"Gwaggo, wasan banza ne," ta ce tana kwance gyale. "Har gyangyaɗi na yi. Amma ni nake dafa wa mutumin nan, ba wani gemu-gemu da zai gaya mini abin da ke cikinsa." Washegari ta ɗauko kujerar tsuguno ta dasa a ƙofar shago, duk wanda ya wuce da suma ta bi shi da ido har sai ya yi tuntuɓe.

Direba kuwa ya kai gemunsa can wata unguwa, wani mai rawar hannu ya ɗebe masa gefen kunne. Gemu ya sake tsirowa, matarsa ta gaya mini da daddare har soka yake, ta ce ko ya aske ko ya koma kwana a mota. Sai ga shi wata safiya da filasta a kunne, 'yan benci da 'yan Tela suna biye kamar za a ga yanka.

"Ka bar wasan nan, layi ya dawo maka," ya ce daga bakin ƙofa.

"Ba zan bari ba, Baba."

Direba ya sosa haɓa. Ya sake sosawa. "To sharaɗi: ba murmushi, ba magana."

"Bismillah, zauna."

Jama'a, ban taɓa ganin abin tsoro irin wannan ba. Mutum tsaye a kanka da aska, fuska a ɗaure, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a kan fata. Gumi ya keto wa Direba ta cikin kumfa, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ya damƙe hannun kujera. An gama kunci ɗaya ke nan ya fashe.

"Kai ɗan nan, don Allah yi magana! Ko zagina ne!"

Mai Aski ya tambaye shi yadda ya ƙare da facin tayar bayan motarsa. Direba ya hau zagin mai faci, mai faci yana ramawa ta taga, har aka goge masa fuska bai sani ba. Ya duba madubi ta dama, ya duba ta hagu.

"Wasan dai har yanzu na banza ne."

"Haka matata ma ta ce."

"Ashe dai akwai mai hankali a gidanku."

Dogon Tela ya ɗaga hannu zai fara bayanin abin da wannan askin yake nufi. Uwar 'Yan Biyu ta yi ɗage ta fizge hular da ya kifa har kunne, sai ga suma ta bazu kamar sheƙar ungulu.

"Au, Malam mai tafi! Kai da ka fahimci wasan, ashe kai ma tsoron wuyanka kake?"

"Aiki ne ya yi mini yawa, Uwar 'Yan Biyu, ɗinki..."

"Ɗinkin ya jira."

Direba da kansa ya kama shi ya danna a kujera, ya ɗaura masa ƙyalle har yana tari. Bakanike ya ce shi ne na gaba, amma a bar ƙofa a buɗe.