Furfurar Buta

"Wa ya sa ki?"

"Baba, wanke ta fa kawai na yi."

"Na ji. Wa ya sa ki?"

Auta ta ajiye soson ƙarfen a bakin famfo, ta goge hannu a jikin zanenta. Ga ɓawon lemon tsami nan tuli a gefe. Jiya ta iso daga garin da take aiki, yau tun da safe ta far wa kicin ɗin ubanta kamar wadda aka aiko.

Uban, Tela, ya ɗauki butar lantarkin da hannu biyu, ya karkata ta wajen taga, ya leƙa ciki. Ƙal. Ƙarfe sai sheƙi yake kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

"Abin da na kankaro ya cika tafin hannu," in ji Auta. "Dutse ne fa, Baba. Dutse kake sha da shayi."

"Ga ni nan. Ban zama dutse ba."

"Ai saura kaɗan," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya ji. Ya bar ta da abinta.

Ruwan garin nan haka Allah Ya yi shi. A ido garau, a baki ba laifi, amma nauyi gare shi. Sabulu ba ya kumfa sai an yi da gaske. Duk abin da ruwan ya ratsa sai ya bar masa fari. Kan shawa ya toshe, ƙofa biyu kawai ke tsartuwa, ɗaya ma bango take wa wanka. Injin wankin da Auta ta saya wa uwarta ya yi gurnani ya mutu, yanzu kwandon albasa ake ɗorawa a kansa. Dutsen guga mai tururi da ke shagon Tela kuwa sai ana gobe mai kaya zai zo yake tofa fari a kan baƙin yadi. Mutanen gari suna ce wa farin nan furfura. In ka kai abu gyara, mai gyara ya kwance, ya leƙa, ya girgiza kai: "Ba ciwo ba ne, tsufa ne. Furfura ta cinye shi."

Butar ce kaɗai ta ƙi mutuwa.

Matar Tela ce ke da ita. Kullum safiya takan tara ta a famfo, ba ta ko dubawa. Da kunne take awo. In ƙarar ruwan ta kai wani wuri sai ta murɗe famfo, tana ci gaba da mitar da take yi masa a kan zaren da ya kwaso a silifa. Kofi biyu ne, nasa ƙarami, nata babba mai tsagaggen baki, da ɗan ragowar da take ɗauraye cokali. Wuri ɗaya ruwan ke tsayawa kullum, har furfura ta ja layi a zagayen cikin butar, fari, mai kauri kamar dajiyar riga.

"Mu uku muke tsufa a gidan nan," takan ce. "Ni, kai, da buta. Ta ma fi ka kyan furfura."

Tana da rai bai taɓa dafa shayi ba. Da ta rasu, masu gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit, sai ga shi wata safiya tsaye a gaban famfo da buta a hannu, bai san iya ruwan da ake zubawa ba. Ya leƙa ciki. Ya ga layin. Kamar ta bar masa sallahu.

Tun ranar nan a layin yake tsayawa. Ya zuba kofi biyu. Ya sha nasa da zafi. Nata ya ɗauka ya tafi da shi shago, ya ajiye a gefen keken ɗinki, sai ya huce sarai ya shanye.

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ma da Auta ke tsaye a gabansa, butar kawai ya ci gaba da juyawa a hannu.

"Baba, don Allah ka dubi gidan nan," ta ce, murya ta sauka. "Komai ya mutu. Shago ba ciniki. Me kake gadi? Ga ɗaki can na gyara maka, taga biyu. Ruwanmu kuwa, ka taɓa sabulu kawai kumfa ta tashi. Shekara nawa da butata, har yau kamar sabuwa."

"Ruwanku ba ya barin alama."

"To ai shi ake so!"

Ya shafa cikin butar da yatsa, ko zai ji ɗan tudu inda layin yake. Sumul. Yarinyar ba ta aikin ha'inci, halin uwarta ne.

"Wai tsayawar ruwa ce damuwar?" Ta karɓi butar, ta juya masa gefenta. Akwai 'yar taga ta roba mai lambobi, wadda furfura ta makantar da daɗewa. Yanzu tana gani tar. "Ka gani? Ga awo nan masu ita sun rubuta. Kofi biyu, nan."

Ta tara, ta tsaya daidai lambar, ta jona. Da can in butar ta ɗau zafi sai ta yi ta ƙara, tana tari, ɓarɓashi na kaɗawa a ciki kamar tsohuwa mai mita. Daga ɗaki ma ana jin ta. Yau sai wani siririn huci, sai ƙas, ta kashe kanta.

Tela ya sauko da kofunan. Ya cika nasa. Ya zuba a babban, ruwa ya ƙare a rabi. Na cokali kuwa babu labari.

"Kai, Baba, ka manta ba na shan shayi?" Auta ta yi dariya. "Da ka bar na Mama a ajiye."

"Na manta," ya ce.

Da rana ta haɗa jakarta, gobe akwai aiki. Ya raka ta bakin titi, yana riƙe da ledar da ta ƙi bari ya ɗaukar mata tun farko. A hanya ta riƙa satar kallonsa.

"Ka yi haƙuri in na yi laifi. Ni ban ga laifin ba, amma ka yi haƙuri. In furfurar kake so, kwantar da hankalinka. Ruwanku ba ya fashi, kwana kaɗan za ta dawo."

"Za ta dawo."

"Maganar ɗakin fa?"

"Ki gaida mutanen gidan."

Mota ta ja. Ya tsaya har ta sha kwana.

Za ta dawo, gaskiya ne. Sai dai inda shi ya tsayar da ruwa, can za ta ja layi. In yau ya tsaya nan, gobe can, ko layin ma ba za a samu ba, sai dusu-dusu. Kwano ne da ya fashe za a liƙa? Wannan ko ɓarɓashinsa ya bi rariya.

Washegari ya shiga kicin. Ƙamshin lemon tsami bai gama fita ba. Ya juya 'yar tagar lambobin wajen bango. Ya tara butar a famfo, ya murɗa, ya rufe ido, ya kasa kunne yadda matarsa takan yi. Ƙarar ta fara da kauri, tana sirancewa, tana hawa. Sau nawa ya ji wannan ƙarar daga ɗaki yana neman hularsa? Bai taɓa saurara ba.

Ya rage famfon, ruwa na sauka kamar zare. Hannunsa na kan murɗin.

"Maman yara," ya ce, "ya isa haka, ko in ƙara?"