Akwatin Da Ba Ya Karkarwa

"Matsa, matsa, bai bushe ba!" in ji Kafinta, yana kare matarsa da gwiwar hannu. Buroshi ne a hannunsa, yana ta danna ruwan gam a kan ƙyallen faiba, wato mai zaren gilas, da ya shimfiɗa a cikin sabon akwatin sifika. Hannuwansa sai ƙaiƙayi suke, warin gam ya cika tsakar gida, amma bakinsa har kunne.

"Baban Auta, kai da warin nan sai kun kore mu daga gidan nan."

"Yi haƙuri dai. In faiban nan ya kama katako, ko mota ta bi ta kansa ba zai motsa ba."

Duk wannan ɗawainiya don Auta ake yin ta. Kurma aka haife ta, amma ba abin da take so kamar kiɗa. Da an kunna, sai ta ruga ta manna tafin hannu a jikin tsohon akwatin sifika na falo, ta lumshe ido tana rausaya. Shi kuwa tsohon, kaico! Katakon ya tsage, kusoshi sun yi lako-lako, ko'ina karkarwa yake yana ɓata sauti. Kafinta guda, a ce 'yarsa wannan tarkacen take runguma? Abin ya daɗe yana ci masa rai. Tun da safe ya wurga shi bayan shagonsa.

Da la'asar faiba ya bushe ƙam. Ya goge gefuna, ya zaunar da ƙatuwar sifikar, ya ɗaure ta tamau, suka kinkimi akwatin shi da maƙwabcinsa har falo. Yana murɗa sauti, wani gurnani mai zurfi ya tashi, tas, ba ko ɗigon ƙara.

"Kai, kai, kai!" in ji maƙwabcin. "Wannan ai sai gidan biki!"

Kafinta ya ɗora hannu a kan akwatin. Ko gezau. Daɗi ya kashe shi, har da 'yar rawarsa.

"Kira min ita, maza!"

Auta ta shigo da gudu, ta yi turus, ta zaro ido ganin wannan dankareren abu. Ta durƙusa ta manna hannu a gefensa. Ta jira. Ta mayar da hannun sama, ta kai shi baya, ta kara kuncinta. Kiɗa kuwa na ta tashi, uban na tsaye yana washe baki.

Sai ta ɗago, ta ja hannun rigarsa, ta yi masa maganar hannu: "Baba, kunna mana."

Murmushin ya daskare a fuskarsa. Matarsa ta kau da kai.

Ya zura takalmi ya nufi bayan shago da sassarfa, yana addu'ar Allah ya sa masu kwasar bola ba su riga shi ba.