Ba a Ce wa Na Gabanka "Nawa"

Da tsufa ya kama Mánas, Turanci ne ya fara gudu daga kansa. Shekara da shekaru yana aikin gini a Landan da shi, amma ya tafi ko sallama babu, ya bar masa yaren ƙasarsu Ailan da ya sha a nono.

'Yarsa Gobnait kuwa a Landan aka haife ta, yaren nan ko na sayen burodi ba ta iya ba. Ta ajiye aikinta ta dawo Conamara, yankinsu na asali a Ailan, jinyarsa, tana koyon yaren da daɗi ba daɗi. Shi kuma ya ɗauke ta ma'aikaciyar asibiti. In ta kawo shayi sai ya yi mata godiya irin ta baƙi, kuma wannan ladabin ya fi zagi yi mata ciwo. Burinta ɗaya ne, ya gane ta tun yana raye.

Ta koyi cewa *mo* shi ne "nawa". Kullum da safe sai ta durƙusa gabansa ta ce, "*Mo Dheaide*," wato babana. Sai tsohon ya waiga ƙofa cikin damuwa.

"Babanki ya zo? Ki ce ya shigo mana, ana ruwa."

Ran nan ƙanwarsa Nábla, wadda bakinta ba ya da linzami, tana feren dankali ta ji su. Ta yi dariya har wuƙa ta faɗi, sannan ta lura idon Gobnait ya kawo ruwa, ta sassauta.

"Ke 'yar nan, ai labarin babanki kike ba shi. Mu ba ma ce wa mutum 'nawa' a kan idonsa. *Mo* na wanda ba ya wurin ne. Wanda ke gabanki, wa ya yi miki gardama naki ne? Kira kawai za ki yi, ki ce *a* maimakon *mo*."

"Shi ke nan, Goggo?"

"To da me kike so, wa'azi?"

Gobnait ta koma. Tsoro ya kama ta, don in wannan ma bai yi ba, ba ta da sauran dabara. Ta dafa gwiwarsa.

"*A Dheaide*."

Bai waiga ƙofa ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗora tafinsa mai kaushi a kumatunta.

"Kin daɗe a hanya," ya ce. "Tun yaushe nake tambayar matar nan ta asibiti ina kike."