A Ciki Ma Ya Mutu

"Ku juya mata fuska bango," in ji Baba mai gidan hayarmu. Mu huɗu muka riƙe Iya Dimeji, maza suka fita da gawar ɗanta ta ƙofar baya, a nannaɗe cikin tabarma. Ba ta yi kokawa ba. Ta dai ce min, "Iya Ronke, ko ƙafarsa ce in gani."

"Kin san ba a yi," na ce. A nan Ibadan uwa ba ta ganin gawar ɗanta, ba ta raka ta, ba a kuma nuna mata kabarin. Haka muka tarar, amma ban taɓa jin nauyin abin ba sai ran nan.

Shekarar Dimeji goma sha bakwai. Da hantsi aka tsince shi bayan rijiya, kumfa a baki.

Bara ne 'yan fim suka zo gidanmu, wai tsakar gidan talakawa na gaske suke nema. To, sun samu. Fim ne a kan yara masu shaye-shaye, sai dai yaron da suka zo da shi, kumatu kamar burodi, ko rawar jiki ya kasa yi. Can daraktan, wani Oga Kunbi, ya hango Dimeji a bakin kwata yana susa, ido ya juye, ya zuƙi kolos, tabar nan mai juya kai, tun safe.

"Wannan nake so," ya ce. "Mama, in ya ga kansa a fim, da kansa zai daina."

Iya Dimeji ta durƙusa har ƙasa tana godiya, ta tuƙa musu amala da miyar ewedu. Ni kam na ja bakina, don na gaji da a ce na cika sa ido.

Fim ya fita, aka yi ta yabo, wai kamar gaske. Yo da ƙarya ce? Dimeji bai daina komai ba. A da sai ya yi dako kafin ya samu na saya. Yanzu 'yan tasha ne ke kiransa, "Jarumi, zo ka yi mana irin na fim," su ba shi kyauta, yana tangaɗi suna ɗaukarsa a waya. Uwar ta rantse ba za ta taɓa kallon fim ɗin ba.

Kwana uku da rasuwar, ina kan keken ɗinki, ta shigo ta zauna a kan buhun ƙyalle.

"An ce a ciki ma ya mutu."

"Don Allah ki bar maganar nan."

"Sa min."

Wallahi ba ni da ƙarfin gardama. Na lalubo wajen a fim ɗin cikin wayata na miƙa mata. Ga tsakar gidanmu, ga igiyar shanya, har da bokitinta mai tsaga. Ga Dimeji kwance ido a buɗe, matar da ta fito a uwarsa ta rungume shi tana rusa kuka.

"Ita sun bar ta ta taɓa shi."

"Fim ne, Iya Dimeji."

"Ba ta ma iya riƙe shi ba. Ba ya son a kama masa wuya." Ta matso da wayar. "Tsayar min nan."

Na tsayar. Fuskarsa ta cika gilashin. Ta goge shi da bakin zani, ta daɗe tana kallo, sannan ta kai babban yatsa za ta rufe masa ido. Tana taɓawa fim ya ci gaba, maza suka sunkuya suka ɗauke shi.

"Mayar," ta ce a hankali.

Na mayar, na sake tsayarwa. Wannan karon ba ta taɓa ba. Ta ɗora wayar a cinya, ta kewaye ta da tafukanta biyu, tana kallonsa har gilashin ya yi duhu da kansa.