Ƙafafun Motar Uwaliya

Ina leƙe ta ɓular zana na ga Malam Gambo ya saki buroshin, ya dafa tayar gaba da hannu biyu, ya sulale ya zauna cikin ruwan omo. Ni ce na ƙwala wa matarsa kira, ita kuwa a ruɗen da ta fito ba ta tambaye ni yadda aka yi na riga ta gani ba.

Tun daminar da ruwa ya ci katangar da ke tsakanin gidajenmu a nan Wurno aka tare wurin da zana, ni kuma na samu sana'a. Leƙe nake yi, ba zan ɓoye muku ba. Uwaliya, matar Malam Gambo, ma'aikaciyar lafiya ce, kullum tana kan hanyar ƙauyukan Rabah da 'yar motarta mai fararen ƙafafu. Mijinta manomin tafarnuwa ne, ko kunna motar bai iya ba. Amma kowace safiya in ya dawo masallaci sai ya naɗe hannun riga, ya tsugunna da tsohon buroshin haƙori da ruwan omo da ya matsa wa lemun tsami, ya bi ƙarfen tayoyin nan saƙo-saƙo yana fitar da baƙar ƙurar da birki ke zubarwa. Jikin motar bai dame shi ba ko taɓo ya rufe ta, ƙafafun kawai yake wankewa.

Mazan unguwa suka sa masa suna yaron mota. Ni ma na taya su dariya, har na ce a gidan suna ai Uwaliya ta shanye shi. To me zan ce? In ban faɗi haka ba, sai in faɗi gaskiya, gaskiyar kuwa ita ce ƙyashi ke cin raina kamar gara.

Ba wankin ne ya fi ƙona ni ba, tambayar ce. Kafin ya sa ruwa sai ya shafa ɗan yatsa a ƙarfen, ya duba, ya ɗaga murya: "Malama, mi yaf faru ga hanya jiya?" Wai in baƙin ya yi kauri, ta yawaita taka birki ke nan: ko shanu sun tare ta, ko ramuka, ko ta ga abin tsoro ta ɓoye masa. Sai ta yi dariya ta musa, can kuma ta zauna a bakin rijiya ta ba shi labari, yadda suka ji harbi kusa da wani ƙauye suka juyo a guje. Yana gurza yana saurare. Ni kuwa akwai lokacin da man ƙosai ya ƙona ni a dantse, na yi kwanaki da tsumma ɗaure, maigidana Bashar abin da ya tambaya shi ne me ya sa abinci ke latti.

Da aka kai Malam Gambo asibitin Sakkwato aka ce ƙoda ce, kuma ta yi nisa. Bayan 'yan makonni suka dawo da shi gida, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Uwaliya ta ɗauki hutu, amma ba ta huta ba, yau tana Sakkwato neman magani, gobe tana Goronyo wurin wani mai maganin gargajiya da aka kwatanta mata. Ƙafafun motar suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na duba su na ce a raina, to, yau dai mun zama ɗaya.

Ranar Talata bayan la'asar na dama kunu na shiga duba shi. Yana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, an tokare shi da filo. Uwaliya ba ta jima da shigowa ba, ko mayafi ba ta cire ba. Ya tambaye ta hanya, ta ce lafiya lau, a hankali ta taho. Ya kalli motar daga nesa, idonsa ba ya kaiwa. Sai ya juyo wurina.

"Habi, ki yi min alhwarma. Tai ki shahwa ɗan yatsanki ga ƙahwar gaba, ki taho ki gwada min."

Na ajiye kwanon na je. Ƙarfen da zafi. Na shafa, na dawo na durƙusa daga gefe na miƙa hannu. Ya daɗe yana duban yatsan nan nawa. Wallahi tun da nake babu namijin da ya taɓa duban wani abu a jikina da natsuwa haka, kuma ba ni yake gani ba.

"Kin yi gudu, Malama."

"Ban yi ba."

"Ga shi ga hannun Habi." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni na san inda ni ka zuwa, gudunki ba shi hana shi. Ki riƙa tahiya sannu. Gobe babu mai duba miki."

Ta rufe fuska da mayafi. Na yi musu sallama na fito, babu wanda ya amsa, sun manta ina wurin.

Ban wanke hannun ba. Na ce bari in gani, sau ɗaya dai. Bashar ya dawo kasuwa, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo tuwo. Na ajiye kwanon da hannun nan, na buɗe murfin da shi, na bar shi a bakin kwano dab da idonsa. Ba wani abu nake nema ba, ya ce mi ya same ki, shi ke nan. Yana ta ba ni labarin tsadar taki, sai ya tsaya, ya dubi yatsan.

"Ke, tai ki wanke hannunki, kak ki ɓata min tuwo."

Ina tsugune a makwarara da buta sai na ji muryar Uwaliya ta bayan zana tana salati, a hankali, tana maimaitawa. Na san an gama.

Da safe aka kai shi. Mata suka cika tsakar gidan, har wasu suna jingina da motar, kowa na cewa Allah sarki Uwaliya, Allah shi ba ta haƙuri. Na zauna kusa da ita na riƙe mata kofin ruwa. Na dubi idanunta da suka kumbura, Allah ya yafe mini, na ji ina ma ni ce. Mijina na da rai da lafiya, amma ni ce ke ƙyashin matar da aka fita da gawar nata mijin.

Bashar ya dawo daga maƙabarta, ya kakkaɓe takalmansa a ƙofa, ya ce Allah ya jiƙan yaron mota, mutumin kirki ne. Ya nemi ruwan sha, na ba shi, ya fita.

Na zauna na ba zanar baya. Ta can ina jin kukanta ƙasa-ƙasa. Na zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya ina ƙwaƙule sauran baƙin da ya maƙale a ƙarƙashin farcena.