Ranar da Sufeto Ya Zo

Malam Lukuman yana tsakiyar yi wa 'yan aji huɗu bayanin teku sai ya hango Bappa Datti, ƙanen mahaifinsa marigayi, yana jingine kekensa a jikin darbejiyar makaranta.

Waƙar Turanci ce a kan wani matuƙin jirgin ruwa da ya yi nisa da gida. Duk ajin babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin garinsu. A kujerar baya kuma ga sufeto daga Kano, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Rahotonsa ne zai sa a tabbatar da Lukuman a aikin koyar da Turanci a sakandaren Gwarzo, ko a mayar da shi firamare.

Bappa ya matso bakin taga, ya yi sallama a hankali. Yara suka waiga. Dokar makaranta ce ba a Hausa a aji, balle a gaban baƙo. Lukuman ya nemi izini da Turanci, ya leƙa.

"Bappa, lafiya? Ina kwana?"

"Lafiya lau. Innarka ce ba ta jin daɗi."

"Ya yi tsanani ne?"

Bappa ya dubi yaran, ya dubi mutumin da ke baya. "Gama abin da kake yi. Ina nan gindin bishiya."

Lukuman ya koma gaban allo. Ya ce wa yaran su tuna gonar gero kafin girbi, sa'ad da iska ke kwantar da ita tana tayarwa, su ɗauka ba ta da iyaka ta kowace kusurwa. Yara suka kasa kunne. Har Jibirin, da bai taɓa buɗe baki ba, ya ɗaga hannu ya tambaya da Turancinsa mai tuntuɓe ko matuƙin ya koma gida. Lukuman bai taɓa yin darasi mai daɗin wannan ba. Ya ji ƙarar motar gyaɗa ta bi hanyar Kabo, wajen garinsu, bai ma kula ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa sufeto ya riƙe hannunsa, ya yi ta yabo, ya ja shi ofishin shugaban makaranta aka sake zama. Sai wajen azahar ya samu fitowa.

"Motar da na so mu bi ta wuce," in ji Bappa. "Hau mu tafi."

Lukuman ya karɓi tuƙin keken, tsohon ya zauna a baya. Hanyar garinsu Gammo duk yashi, wani wurin sai sun sauka sun tura. Ko'ina mutane na cirar gyaɗa, ana ɗaga musu hannu. Bappa yana ta salati.

Mahaifiyarsa Inna Asta ce ta yi ta soya ƙuliƙuli tana matsar mai har Lukuman ya gama kwalejin horon malamai. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan na makaranta," haka take cewa.

Tun daga bakin gari ya ga maza suna dawowa ta hanyar maƙabarta, wani na riƙe da fartanya. Ya taka birki. Limamin garin ya ƙaraso ya dafa kafaɗarsa.

"Sai haƙuri, Malam. Mun jira, mun jira, rana ta yi."

A cikin gida Gwaggo Altine ta rungume shi tana kuka. Ƙanwarsa Hajaratu ta ce tun hantsi Inna take duban ƙofa, ko motsin akuya ta ji sai ta ɗaga kai. Ya shiga ɗakin. An naɗe tabarmarta. Ga ƙwaryar gyaɗar da ta fara ɓarewa jiya a gefe.

Ya fito ya tarar da Bappa a zaure shi kaɗai, yana kakkaɓe yashi daga ƙafarsa.

"Bappa, don Allah me ya sa ba ka faɗa mini gaskiya ba? Da kalma ɗaya ka yi, wallahi da na ajiye allin nan na fito. Da mun samu motar."

Tsohon ya daina kakkaɓe yashin.

"Na sani," ya ce. "Ita ma ta sani. Har na hau keke ta sa aka kirawo ni. Ta ce, Datti, in ka tarar da shi a gaban yara, kada ka fito mini da shi. Ka bari ya gama."

Lukuman ya zauna a ƙasa kusa da shi. Daga waje wani ya yi sallama, masu ta'aziyya sun fara zuwa. Bappa ya miƙa masa hularsa da ta faɗi, ya ce, "Tashi ka amsa musu. Kai ne babba yanzu."