Rigar Copito

Edilma ta kai wuƙa ƙafar baya ta biyu ke nan, sai ta ji takun Rosaura a bayan rumbun ciyawa. Ba ta ɗago ba. Fatar ɗan tunkiyar da aka haifa yau da safe laushi gare ta kamar jiƙaƙƙiyar takarda, hannu na kaucewa za ta yage.

"Maryama mai tsarki!" in ji Rosaura, mai dafa wa sansanin hutun yara abinci, riƙe da kofi mai zafi. "Ke kam sai kin sa an kore mu. Yau fa iyaye ke zuwa, shi ne kika zauna fiɗa?"

"Ajiye min kan dutsen nan."

"Na wace ce ya mutu?"

"Na mai baƙin kunne. Ko numfashi bai yi ba. Hantsarta tam da nono, ga Copito can yana shirin bin uwarsa."

Copito maraya ne. Uwarsa ta mutu wajen haihuwarsa ran Litinin, ranar da motoci suka sauke yara arba'in daga Bogotá, babban birni, don su yi hutun mako guda a gona. Yaran ne suka raɗa masa suna, su ne kuma ke layi suna ba shi madarar gwangwani a bulumboti. Madarar ba ta karɓe shi ba. Tun shekaranjiya yake zawo, jiya kuwa ya daina tashi in an kira shi.

Abin da Edilma ke yi, a wurin babanta ta gani, can kan tsauni. Tunkiya da hanci take sanin ɗanta. In nata ya mutu, sai a feɗe shi a sa wa maraya fatar kamar riga. Kwana uku ake bari. Kafin nan nononta ya ratsa jikinsa, warinsa ya zama nata, ko an cire ba ta ƙara ƙin sa.

"Dakta ta sani?" Rosaura ta tambaya.

"Dakta ta san tunkiya tana da ƙafa huɗu."

Rosaura ta ƙyalƙyale, ta toshe baki da gefen zanen girkinta. Dakta Ximena ce mai sansanin. Ko allura ba ta iya ba, amma duk mai mota da ofis a nan dakta ake ce masa. Dokarta ɗaya ce, tana nan rubuce a ƙofar kicin: yaro ba ya ganin jini, ba ya jin kalmar mutuwa. Dabbar da ta mutu, ta tafi hutu ne gidan kakarta. Cikin shekara goma sha tara da Edilma ta yi a ɗakin da ke bayan garke, zomaye da kaji da awakin da ta tura gidan kakarsu sun isa su cika gari.

Ta binne gawar a gindin katanga, ta ɗauko Copito. Ta zura ƙafafunsa cikin hudojin fatar, tana neman igiyar da za ta ɗaure ta ƙarƙashin ciki, sai wani ɗan hannu ya miƙo mata.

Luciana ce, 'yar shekara tara, mai tabarau, wadda kullum take riga ƙararrawa tashi don ta duba Copito.

"Inna Edilma, wannan fatar ta waye?"

Edilma ta buɗe baki za ta ce gidan kaka. Yarinyar na kallon jinin da ke farcenta.

"Ta ɗan waccan ce. Ya mutu. Za mu sa ta ɗauka wannan ne nata."

"Ƙarya za mu yi mata ke nan?"

"Ƙarya ce, 'yata. Riƙe min nan, kada ki matse."

Luciana ta riƙe.

Suka kai shi ƙaramin garke. Mai baƙin kunne ta buga ƙafa a ƙasa, ta sunkuyar da kai kamar za ta tunkuya. Ta sunsuna bayansa. Ta ja da baya, ta dawo, ta sake sunsunawa daga wuya har wutsiya. Sai ta yi wani ɗan gurnani can cikin maƙogwaro, irin wanda tunkiya ba ta yi wa kowa sai ɗanta. Edilma ta tallafe Copito, ta kai bakinsa hantsa. Da farko shiru. Can sai wutsiyoyi biyu, tasa da ta rigar, suka soma kaɗawa.

"Yana sha!" Luciana ta faɗa da raɗa. "Inna, yana sha!"

"Yi shiru. Kuma kada ki faɗa wa kowa."

Amma wa zai riƙe irin wannan a ciki? Wajen karin kumallo, tsakanin wainar masara da koko, labari ya zagaye tebura huɗu. Ranar ƙarshe ake mayar wa yara wayoyinsu. Kafin ƙarfe goma, wani yaro ya leƙa ta katanga ya ɗauki hoto, ya tura wa uwarsa, ita kuma ta tura wa sauran iyaye.

Edilma na wanke kwamin ruwan jaki Dakta Ximena ta iso, takalmanta na roba masu zanen furanni ko taɓo babu a jikinsu. Bayanta Duván ne, saurayin da ke koya wa yara waƙoƙi.

"Malama Edilma, mene ne wannan?" Ta juya mata fuskar waya.

"Ɗan tunkiya ne, ranki ya daɗe."

"Kada ki raina min hankali. Uwa tara suka kira ni. Wata ta ce tsafi muke yi a gaban 'ya'yansu. Wata lauya ce."

"Ba tsafi ba ne. Haka ake yi tun kafin a haife ni. Ya sha nono sau uku tun safe, ki zo ki gani."

"Ba na son gani. A cire."

"Kwana uku kawai, Dakta. Ko ki bar ni in kai su can bayan tudu, ba mai ganinsu."

"Copito na cikin shirin yau. Ƙarfe biyu kowane yaro zai yi hoto da shi da iyayensa. Na riga na rubuta musu." Ta sassauta murya, wannan kuwa ya fi tsawa muni. "Kin san ina ƙaunarki. Amma ko ki cire abin nan yanzu, ko ran Litinin ki ba ni makullin ɗakin baya. Akwai masu nema."

Edilma ta dubi ɗakin. Ga tukwanen furanninta a taga, ga itacen fiya da ta dasa shekarar da mijinta ya rasu, bana ya fara 'ya'ya. Shekararta sittin da ɗaya. 'Yarta na Bogotá, su biyar a ɗaki biyu.

"Ni fa ba zan taɓa ba," in ji Duván, yana yatsina fuska. "Wari yake."

"Ba wanda ya ce ka taɓa, ɗan gayu," in ji Edilma.

Ta shiga garken. Copito na kwance jikin mai baƙin kunne, cikinsa ya ɗan taso. Ƙullin da Luciana ta riƙe mata ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori kafin ta cire masa fatar.

Duván ya wanke shi da sabulun gashi mai ƙamshin tuffa, ya busar da shi da na'urar busar gashi ta Dakta, ya ɗaura masa shuɗin ƙyalle a wuya. Ya yi fari fat. Da aka mayar da shi, ya nufi hantsa da ɗan gudunsa. Mai baƙin kunne ta sunsuna sau ɗaya, ta kai masa tunkuyi ya bugu da katako. Ya tashi ya sake zuwa. Ta sake tunkuyinsa.

"Ai sai a raba su," in ji Dakta Ximena. "Ga bulumboti."

Iyaye suka iso da rana tsaka, motoci har bakin titi. Aka shimfiɗa tebura a fili. Rosaura ta fito da gasasshen naman rago da aka sayo daga gari, da dankali da barkono. Suka ci suna yabo. Wata mata mai faffaɗar hula ta tare Edilma, ta ce ita ba ta zargin kowa, amma ya kamata mutanen karkara su koyi tausayin dabba. Akwai maiƙo a gefen bakinta. Edilma ta ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

Ƙarfe biyu aka yi layi. Yaro bayan yaro ya rungumi Copito, a tura masa bulumboti a baki, madara na bin haɓarsa tana ɗiga kan shuɗin ƙyallen. Wajen hoto na talatin kansa ya daina tsayuwa, sai Duván ya riƙa tallafe shi ta ƙasa, inda hoto ba ya kaiwa.

A lokacin ne Rosaura ta ratsa ta gefen garke da baƙar ledar shara, fatar na ciki. Mai baƙin kunne ta ɗaga kai. Ta biyo ta jikin katanga tana kuka, tana cusa hanci tsakanin katakai, har ƙarshen garken, ta miƙe da ƙafafun gaba.

"Kai, dubi yadda take son matar nan!" in ji wani uba. "Dabbobin nan sun san masu kula da su." Wayoyi suka juya can.

Rosaura ba ta yi dariya ba. Ta ƙara sauri.

Luciana ba ta shiga layi ba. Sai da ana loda jakunkuna ta zo, ta sami Edilma a bakin ƙofa, inda ma'aikata ke tsayawa su ɗaga wa motoci hannu. Dakta Ximena na gefe tana raba wa yara takardun shaida.

"Inna Edilma, ina rigarsa?"

"Ya daina jin sanyi, shi ya sa."

"Uwar ta karɓe shi?"

Dakta Ximena ta juyo da murmushi, tana jira.

"Ta karɓe shi," in ji Edilma. "In kun tafi ma, hutu za su je tare."

"Gidan kakarsu?"

"Gidan kakarsu."

Yarinyar ta dube ta ta cikin tabarau, ta daɗe. Edilma ta miƙa hannu za ta gyara mata wuyan riga, Luciana ta goce. Ta shiga motar ubanta, ta zauna ta ɗaya ɓangaren.

Da mota ta ƙarshe ta fita, Edilma ta je wurin shara neman fatar. Motar kwasa ta riga ta zo, saboda baƙi. Ta koma ta ɗauki Copito, ta kwance masa ƙyallen, ta sa shi cikin bargon ulun da ke kafaɗarta. Har yanzu ƙamshin tuffa yake. Ta sa yatsa a bakinsa, bakin ya yi sanyi, bai tsotsa ba.

Ta kwantar da shi kan ciyawa inda rana ke bugawa. Sannan ta ɗauki shebur ta nufi gindin katanga. Ƙasar da ta haƙa da safe ba ta riga ta bushe ba, gara ta faɗaɗa ramin tun tana da taushi.